Marsi, Shef

Daga Sokode Baba ya kawo ayabar nan gidanmu na Dapaong. Ta ado ce, ba ta 'ya'ya, amma duk rani da ruwan alwalarsa yake shayar da ita.

Shekarar yajin aiki, sojoji suka faɗo gidanmu da la'asar. Babbansu ya ga jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindinta, ya ce bindiga muka binne. Ya jefa wa Baba fartanya. Baba ya yi ta haƙa har ayabar ta faɗi. Ba su samu komai ba.

Da za su fita, Baba ya rusuna ya ce, "Marsi, shef," wato na gode, shugaba.

Ina tsaye, ina ji. Har yau bakina bai taɓa ce wa mai kaki marsi ba.