Akwatin da Ba Ya Wuce Batsari

Duk Katsina, in ji Malam Sammani, ba a haifi wanda ya san cikin kwamfuta kamarsa ba. Manhajar rajistar ma'aikatan hukumarsu, shi ya zauna ya rubuta ta cikin kwana uku, zazzaɓi na kaɗa shi. Da wannan labari ya hau kujerar shugaban sashe, shekara biyu bayan an dawo da shi daga ofishin sufuri.

Aibin manhajar ɗaya ne. In ka danna akwatin zaɓen ƙaramar hukuma, suna uku yake saukowa da su: Bakori, Batagarawa, Batsari. Sauran talatin da ɗayan na ƙasa, ba hanyar kai musu. Akawu sai ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi. Ta haka mutumin Daura ya wayi gari ɗan Batagarawa.

Zamanin soja ba mai tambaya. Da farar hula suka hau, kowane ɗan majalisa ya ce a ƙirga masa mutanensa. Hukuma ta ɗauko wata injiniya daga Kaduna, Malama Baraka, aka ce in Sammani ya kasa gyarawa gabanta, ya koma sufuri.

Baraka ta shigo ofishinsa, ta tura ƙofa, ta miƙa hannu bayan kabad ta kunna soket. Sammani ya ba ta labarin kwana ukun, ya ƙara da cewa ko ruwa bai sha ba.

"Madalla. To tsawaita mana akwatin, Malam."

Ya danna nan, ya danna can. Akwatin ya yi faɗi har ya ci rabin allo, sunaye dai uku. Tana zaune tsakaninsa da ƙofa, taga kuma duk ƙarfe. Ya ambaci azahar, ta ce da saura awa biyu.

"Gaskiya, Hajiya," ya rage murya, "wani kanar ne ya ce in kulle shi. Sha'anin tsaro."

"Allah sarki."

Ta karɓi linzamin kwamfutar, ta buɗe wani shafi da bai taɓa gani ba, ta kama gindin akwatin ta ja ƙasa. Sunaye suka zubo har Zango.

"Ba kanar ba ne, Malam," ta ce. "Ranar da zan ja shi aka ɗauke wuta, washegari kuma na gama bautar ƙasa a ofishin nan."