Na Goma Sha Biyu

Anti, shugabar 'yan sikawut na unguwar, ta dangwarar da fayil a kan tebur, ta tura shi gaban jami'in da yatsa ɗaya.

"Goma sha biyu ne. Sake ƙirgawa."

Jami'in da hedikwatar sikawut ta turo duba rajista ba baƙo ba ne, ƙanen mijinta ne, wanda ta sha wanke wa kayan makaranta tun yana fitsarin kwance. Yau ga shi ya zo da hatimi a aljihu yana wani shan ƙamshi, har yana kiranta Shugaba.

Dokar ba ta da kwana. Duk ƙungiyar da membobinta suka gaza goma sha biyu, rufe ta ake yi. A karɓe tuta, a karɓe makullin ɗaki, a tura yaran wata ƙungiya can ƙarshen gari, inda babu uwar da za ta bar ɗanta ya je. Ɗakin ma ba wani abin kirki ba ne, tsohon sito ne a bayan makaranta, da tantuna biyu masu faci da igiyoyi rataye a ƙusa. Amma nan ne kaɗai wurin da yaran unguwar suke da shi, kuma Anti ta rantse ba a hannunta za a rufe shi ba.

Fom goma sha ɗaya jami'in ya wuce su lafiya. A na ƙarshe ya tsaya, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya leƙa ta taga inda yara ke jere a fili ana jiran usur.

"Shugaba, wannan ba zai shiga ba."

Fom ɗin Haƙurau ke nan. Yaran ne suka tsince shi bara a bayan kasuwa, ƙashi da fata, da gyambo a gadon baya. Wani mai sayar da itace ne ya riƙe shi, ya ci moriyarsa son ransa, da ya ga ciwo ya kama shi sai ya watsar. Su suka yi jinyarsa, su suka raɗa masa suna, kuma tun daga lokacin a bayan siton yake kwana. Ranar da iyalai biyu suka tashi daga unguwar lissafi ya ragu, Anti ta cika masa fom da hannunta, ko ɗar ba ta ji ba.

Jami'in ya fara bin sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, shi a dole sai ya kama ta. Ya nemi takardar haihuwa. Ta ce doka ta yarda da shaidar likita in babu, ta zaro ta: likita ya duba haƙoransa, ya ce shekarunsa sun kai. Ya nemi sa hannun mai riƙo. Ta nuna masa nata, ita ke ciyar da shi. Ya tambayi halartar taro. Ta buɗe rajista, Haƙurau bai taɓa fashi ba, ya ma fi ɗan shugaban makaranta zuwa. Duk fita zango shi ke ɗaukar tanti da tukwane, bai taɓa ƙorafi ba. Laifinsa ɗaya a rubuce, ya taɓa kai wa maigadi ƙafa, shi ma maigadin ne ya fara tsokana.

"Ya faɗi alƙawarin ƙungiya da bakinsa?"

"Ka san ba ya magana. Amma nuna min ranar da ya saɓa shi."

Jami'in ya ajiye biro ya sassauta murya. "Matar Yaya, ki rufa min asiri. In aka gani a ofis, ni za a mayar abin dariya."

"Ai da ma ana yi maka, ba yau aka fara ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba wasa a ciki. Shekara da shekaru tana aika musu rahoto kan lokaci, ba wanda ya taɓa takowa ya ga ko rufin yana yoyo, sai yau da za a karɓi makulli aka san hanya. Ta jawo littafin dokoki, wanda ta haddace tun kafin shi ya iya ɗaura ƙyallen wuya. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ta buɗe masa shafin da bai taɓa kaiwa ba: ba a soke sunan memba sai kwamiti ya zauna, an kawo shi gabansu ido da ido. Kafin nan, rajistar ƙungiya tana nan daram.

Kwamitin kuwa ba zai zauna ba sai bayan hutu, a ɗakin taro na saman benen hedikwata. Kafin hutun ya ƙare, ƙanwar ɗaya daga cikin yaran za ta cika shekarun shiga, fom ɗinta ma yana cikin durowa a cike. Wannan Anti ba ta faɗa masa ba.

Ya karanta shafin, ya sake karantawa, ya share gumi. Ya ciro hatimin ya buga kamar mai cire ƙaya.

"Amma ranar zaman sai kin kawo shi da kansa. Doka ce."

"Da ƙafarsa zai zo. Ka ce su tanadi wuri."

Ta soke makullin a aljihu ta fita fili, ta busa usur. Yara suka ƙame. Ta bi layin tana duba farce da maɓalli har ta kai ƙarshe, inda Haƙurau ke tsaye shiru kamar kullum. Ta gyara masa ƙyallen wuya, ta sosa masa bayan kunne, ta fara tunanin yadda za a yi a hau da jaki saman bene.