Yarinyar da Ta Koyi Magana a Bakin Turmi

Malama, tunda kin ce tafi da waƙa ɓata lokaci ne a ajin ƙananan yara, bari in ba ki wani misali daga zamanin da muke tashi da ƙarar taɓarya.

An yi wani tela a birni mai 'ya 'yar shekara huɗu, wadda magana ke sarƙe mata. Sai ta kama kalma ta tsaya a rabi, yara su yi ta dariya, har ta daina buɗe baki gaba ɗaya. Uban ya yanke shawarar ba zai sa ta makaranta ba, kada a mayar da ita abin wasa. Uwar kuwa abin na cin ta. Da ta sake haihuwa, sai ta tafi wankan jego ƙauyensu tare da yarinyar.

Kakar yarinyar a ƙauyen mai fura ce. Kowace safiya ita da maƙwabtanta biyu suke lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya, suna waƙa ana amshi. Ba ta taɓa matsa wa jikar ta yi magana ba. Ta dai kifa mata ƙaramar ƙwarya, ta ba ta ɗan kara, ta ce, "In tawa ta sauka, ki buga." Kwanakin farko ko ta riga taɓaryar, ko ta makara. A hankali ta koyi jira. Kunnenta ya kama, hannu ya bi, har tafiyarta ta daidaita, ta rage tuntuɓe a tsakar gida.

Wata safiya mai yin amshi ta tashi da mura, muryarta ta dushe. Kaka ta ba da waƙa, wurin amshi ya zo, sai wata siririyar murya ta cike shi daga gindin ƙwarya, kalma huɗu cif, babu sarƙewa. Matan nan ba wadda ta waiwaya. Kaka ta ci gaba da daka kada ta firgita ta, hawaye na zuba, ta sake ba da waƙar, yarinyar ta sake amsawa. Uwar tana ɗaki da jariri a cinya, tana ji.

In'inar ba ta tafi duka ba. Amma ranar da tela ya zo ɗaukar su bayan arba'in, 'yarsa ta ɗan bubbuga cinyarta sau uku, ta gaishe shi har ƙarshe. Da aka buɗe makaranta, da kansa ya kai ta.

Yanzu inji ya karɓe daka, 'yan ajinki ba su taɓa jin lugude ba. Amma kina da tafin hannu, su ma suna da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.