Ranar da Rabbi Ta Tsayar da Motar Kasuwa

Wayoyin fasinjoji suka ɗauki kiɗan gurmi gaba ɗaya, Mati direba ya taka birki. Doka ce: kowace rabbi, dabbar dawan nan mai gudu, da kiɗanta a waya; in za ta ƙetare hanya sai ya tashi, ko gwamna sai ya tsaya.

"Tamu ce!" in ji Inna Tabawa. Ta ma manta da nonon da take saurin kaiwa kasuwa.

Wani baƙo ya yi tsaki. "Duk don kyanwar daji?"

"Kyanwa? Ɗan nan, iya bakinka. Ƙanwar damisa ce, iska ma bayanta take bi. Rabin gonata na bari ba shuka don ta sami wurin wucewa. Awakina ta ci, ban kai ƙara ba. Garin wa ta zaɓa in ba namu ba?"

Sai ga ta, siririya, da zanen hawaye a fuska. Ta ratsa kwalta ba ta dubi kowa ba. Inna ta rangaɗa guɗa.

Baƙon ya sassauta murya. "Sauran 'yan uwanta fa, wane kiɗa gare su?"

Mati ya tada mota. "A da akwai kalangu, akwai algaita. Bana gurmin kaɗai muke ji."