Mai Jar Riga a Layin Gaba

Tun kafin la'asar ta Lahadi ta kama wurinta a gaban dandamali, daidai saitin makirufon mawaƙi Lyall, sanye da jar riga. Gwiwoyinta na ciwo, ga shi mashayar nan ta tsakiyar birnin Adelaide na Ostireliya ba ta ajiye kujeru a gaba. Ta gaji da wannan tsayuwa, gajiya ta gaske.

Su Lyall sun tsufa a kiɗan kantiri, wato waƙoƙin karkara na Turawa, har ana raɗe-raɗin tsohon ya soma ruɗewa. Mai mashayar dai ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: muddin ya sake tsayawa cik a tsakiyar waƙa kamar bara, an sallame su ke nan, kuma babu wani gidan da zai ɗauke su.

Kiɗa ya tashi. Ita ma ta kama, baki a wangame, kullum tana riga shi da kalma ɗaya ko biyu.

"Haba Mama," in ji wani ƙato mai gemu a gefenta, "shi fa muka zo ji. Ko jira ba kya yi ya fara?"

Ko kallo bai ishe ta ba.

Sai aka zo kan waƙar da kowa ke jira, ta Desley, matar da ta gudu da motarsa ta bar shi a garin Broken Hill daga shi sai jita. A amshi, al'ada ce kowa ya ɗaga kofi ya kwarma: "A sauka lafiya, Desley, marar mutunci!" Ƙaton ya yi tsalle ya tare mata gaba. Nan take Lyall ya yi ɗif. Mai ganga ya yi ta maimaita bugu ɗaya, gumi na zubo masa. Ta sa gwiwar hannu ta hankaɗe mutumin, giyarsa ta kife, ta buɗe baki. Waƙa ta dawo. Har zagin ma da ita aka yi.

Bayan an tashi, mai ganga ya riƙo hannun Lyall ya kawo shi wurinta.

"Yi mata godiya, dattijo. A leɓenta kake karanta baitocinka."

"Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah," in ji Lyall, yana mata irin murmushin da ake yi wa baƙo. "Ya sunan?"

Ta gyara masa wuyan rigarsa da ya lanƙwashe.

"Desley," ta ce.