Bikon Direba a Tsibirin Kwakwa

Tsaya mana, Tanimu, ina magana kana karkaɗa mini makulli. Zauna in ba ka wani misali, in ya so ka tafi.

An yi wani direban babbar mota, gwanin yanke. Duk inda hanya ta lanƙwasa, shi sai ya ratsa ta gonar mutane ya ɓulla a gaba, har yana bugun ƙirji wai zagaye aikin malalata ne. Yadda yake a hanya haka yake a gida, ga zuciya a kusa. Rannan matarsa ta gaji ta yi yaji. Gidan ubanta kuwa ba nan kusa ba ne, can kurmi ne, a wani tsibiri cikin teku, ƙasar kwakwa da ayaba, inda kwalekwale ba ya zuwa sai ranar kasuwa. Gogan naka ya ci garau-garau ɗin tasha har ya gane kurensa. Kuma maganar gaskiya yana son matarsa, kewarta ta hana shi sakat. Sai ya sa aka wanke masa babbar riga, ya tafi biko.

To mutanen tsibirin nan suna da wata al'ada. A bayan gari, ƙarƙashin itatuwan kwakwa, sun share fili sun jera ɓawon katantanwa fari fat, layi cikin layi, ya zama wata siririyar hanya mai nannaɗewa kamar gammo. Ba bango, ba shinge, ɓawon ko idon sawu bai kai ba. Ƙofa ɗaya, hanya ɗaya, ba mai ɓata a ciki. Sai dai takan kawo ka dab da tsakiya, ka ce ai an iso, ta sake kwasarka ta kai ka can gefe. Duk wanda ya zo da rigima, ba a sauraronsa sai ya cire takalmi ya bi ta shiru, yana tunani ko yana jan carbi, ya kai tsakiya, ya dawo ta inda ya shiga. Sun ce kafin ƙafa ta gama zagaye zuciya ta huce.

Surukin nasa, wani tsohon masunci, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi ruwan kwakwa, sannan ya ce, "Ɗan nan, je ka taka hanyar can, ka dawo mu yi magana." Abin da direba bai sani ba, matar tun da ta hango shi yana sauka daga kwalekwale tausayinsa ya kama ta. Ta riga ta ɗaure kayanta tsaf, tana leƙe ta jikin zana, jira kawai take ya fito su bi kwalekwalen la'asar.

Zagayen farko direba ya yi shi da ladabi. A na biyu ya fara tsaki. Sai ga wata tsohuwa a gabansa da sanda, tana tafiyar hawainiya, hanyar kuwa ta mutum ɗaya ce. Ya yi gyaran murya, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ya ƙara, shiru. Hannunsa har lalubar hon ɗin mota yake yi a iska. Ya dubi tsakiya, ga ta nan, ko yawu ya tofa zai kai. Ya ce a ransa lallai mutanen nan zaman cikin ruwa ya taɓa musu kai, in ba haka ba ina dalilin hanya ta riƙa yawo da hankalin mutum alhali ga wuri a gabansa? Ya tattare riga, ya sha gaban tsohuwa, ya dinga tsallake layi yana watsi da ɓawo hagu da dama. Ya isa tsakiya, bai tarar da komai ba sai wani kututturen kwakwa da ake zama a kai. Ya zagaya shi, ya ɗaga shi ya leƙa ko an ɓoye wani abu, babu. Ya sake yankowa ya fito, ya durƙusa gaban suruki yana haki yana murmushi, wai shi ya yi bajinta. Har da ba da shawara: "Baba, na je na dawo. Ai da kun buɗe ƙofa ta gefen nan, da kowa ya huta."

Sai daga bayan zana aka ji muryar matar, ba da ƙarfi ba: "Baba, ka dai gani da idonka. Haka yake yi mini in na fara magana." Ta zauna ta kwance kayanta.

Nan kunya ta rufe direba. Tsoho ya ce ya koma ya gyara abin da ya watsa. Ita kuwa hanyar nan ba ka sanin mazaunin kowane ɓawo sai ka bi layin tun daga ƙofa. Sai ga ƙato da babbar riga yana rarrafe cikin rairayi, yana tsintar katantanwa ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar nan ta gama nata zagayen, ta zo ta wuce shi, har da yi masa sannu da aiki. Yana cikin rarrafen ya hango kwalekwale ya tashi ba shi. Hanyar da ya ƙi bi da ƙafa sai da ya bi ta da gwiwa. Matar da za ta bi shi a ranar kuwa, sai da damina ta zo ta wuce yana zarya, kowane zuwa ya cire takalmi ya taka hanyar nan daga farko har ƙarshe, kafin ta yarda ta koma ɗakinta.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.