Muryar Jatau a Kaset

"Sake wannan, Baba, tari ya shiga," in ji Raufu mai shagon kaset a Funtuwa, ya ƙara danna rikoda.

Jatau makaɗin noma ya gyara gangarsa ya sake. Waƙoƙin da ya gada wurin ubansa sai da ya juye su tas a kaset, har muryarsa ta dushe. Raufu ya ce ko bayan ransa jikoki za su ji shi. Maganar ta yi masa daɗi.

Da damina ta kankama, ya ji ana gayya a gonar Alhaji Lawal a Tsiga. Ba a aiko masa goron gayyata ba. Ya ce mantuwa ce, ya rataya ganga ya tafi.

Tun daga nesa ya jiyo muryarsa. Rikoda ce rataye a reshen ɗorawa, samari na ta huɗa, garma na sauka daidai da kiɗan.

Ya tsaya bakin gona, ya buga ganga, ya ɗauki waƙar da ƙarfi.

Wani saurayi ya ɗago, ya sharce gumi.

"Haba tsoho, yi mana shiru! Jatau muke saurare."